Burodin Baƙi a Birnin New Orleans

Wani akawu ya aiko mini da takarda yana tambayar asalin abincin nan na Amurka da ake kira mufuleta. To, ga amsa.

Sunan na wani burodi ne mai faɗi kamar faifai, da riɗi a bisansa, wanda mutanen tsibirin Sisili na ƙasar Italiya suka zo da shi New Orleans. Baƙin nan ba su sami maraba ba, gama a 1891 mutanen gari suka fasa kurkuku, suka kashe Italiyawa 11.

A 1906 wani mutumin Sisili, Salvatore Lupo, ya buɗe kanti a titin Decatur, ya sa masa suna Central Grocery. In ji 'yarsa, manoma 'yan ƙasarsu masu kai kayan lambu kasuwa, da rana ta take sai su shigo su sayi burodi daban, nama daban, cuku da zaitun daban, su zauna bisa akwatuna, kowa ya ɗora nasa a gwiwa yana fama. Da Lupo ya ga wahalarsu, sai ya tsaga burodin biyu, ya cusa kome a ciki. Dabarar ke nan duka, ni kuwa ban raina ta ba. Amma malamai su kula, galibin naman na alade ne.

Yau garin da ya wulakanta baƙin yana tinƙaho da abincinsu. Guguwar Ida ta lalata kantin a 2021, ya shekara 3 a rufe, aka sake buɗe shi cikin Disamba 2024.