FILIN SANA'A: Sabon mai tebur da abu ya yi wa yawa

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da wake da gujiya. A irin wannan lokaci ne mutane da yawa a ƙauyukan Maradi, Damagaram da Tawa suke kafa ƴar sana'a, don kada su yi zaman banza da rani. Wani ya sa tebur a ƙofar gida: sukari, shayi, sabulu, ashana, gishiri, batir. Wata ta fara tuyar ƙosai ko matsar man gujiya. Wani ya turke rago yana jiran sallar layya. Duka wannan abu ne mai kyau.

Amma akwai wani ciwo da ke kama sabon mai sana'a tun bai cika wata 2 ba. Ya kwanta da dare, barci ya ƙi zuwa. Yana ta lissafi a kai: nawa ya sayo, nawa ya sayar, wa ya ɗauki bashi, ina sauran kuɗi suka shiga. Gobe kasuwa, ga kaya sun ƙare, ga jaki yana son ruwa, ga maganin yaro. Da safe ya tashi yana faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mutane da yawa a nan suke naɗe tebur, su ce kasuwanci bai karɓe su ba, ko su ce an yi musu baki.

Galibi ba baki ba ne. Mutum ne ya ɗora kaya goma a kai ɗaya, ya zuba kuɗi iri uku a aljihu ɗaya.

A duba misalin mai tebur. Ya sayar da akuya da buhun wake, ya haɗa uwar kuɗi jikka 20. Ranar kasuwa ya sayo kwalin sabulu mai guda 30 a kan jikka 6, watau kowane guda dala 40. A ƙauye yana sayarwa dala 45. In ya sayar duka, ribarsa dala 150. Amma kuɗin mota zuwa da komowa sun ci dala 100. Saura dala 50. To, sai maƙwabci ya ɗauki guda ɗaya bashi, ƙanen matarsa ya ɗauki guda ɗaya, ba wanda ya biya. Dala 90 ke nan sun fita. Riba ta tafi, har uwar kuɗi ta ragu da dala 40. Shi kuwa mai tebur bai sani ba, don aljihunsa cike yake da ƴan canji. Kullum yana ciro kuɗin goro da kuɗin cefane daga nan. Ranar da ya koma kasuwa sai ya ga ba su isa sayen kwali ba. Daga nan ne hankali ke tashi, don mutum bai san inda ɓarawon yake ba.

Abin da ya kamata ya fara yi shi ne raba kuɗi. Gwangwani 2 sun isa. Ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Duk sabulun da ya sayar, dala 40 ta koma gwangwanin uwa, dala 5 ta shiga na riba. Kuɗin mota daga na riba za su fito, cefane ma haka. In na riba ya ƙare, to, ranar nan tebur ba shi da abin ba gida. Wannan da wuya a farko. Amma manomi ya san irinsa: komai yunwa, ba a surfe iri a yi tuwo. Uwar kuɗi ita ce irin mai sana'a.

Sai kuma rubutu. Wanda ya je makarantar yaƙi da jahilci yana da abin da wasu manyan ƴan kasuwa ba su da shi. Ya sayi kaye guda da biki. Kowane shafi ya ja layi a tsakiya: hannun dama abin da ya shigo, hannun hagu abin da ya fita. A sama ya sa rana da wata. Can ƙarshen kaye ya ware shafi na masu bashi, suna da abin da aka ɗauka da ranar da aka ce za a biya. Ba sai rubutun ya yi kyau ba. Wanda hannunsa bai nuna ba yana iya zana sabulu ya ja sanduna a gabansa, ko ya rubuta da ajami. Abu ɗaya dai za a kiyaye: a tsaya kan ƙirga guda. Takarda tana cewa sefa 500, baki yana cewa dala 100, don dala ɗaya sefa 5 ce, jikka kuma dala 200. Wanda yau ya rubuta da dala, gobe da sefa, zai rikita kansa fiye da wanda bai rubuta ba.

Minti 10 bayan sallar isha'i sun isa wannan aiki. Abin da aka sa a takarda ba ya ɓacewa, kai kuma ya huta da riƙonsa. Barci ma sai ya komo.

Maganar bashi ita ce mai nauyi, don a ƙauye kowa dangi ne. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba mai tebur da zai ce ba ya ba da bashi sam, ranar da iyalinsa suka rasa gishiri shi ma ƙofar wani zai je. Amma sai a yi masa iyaka tun da wuri. Mutum ya yanke a ransa cewa bashin da ke waje ba zai wuce kaza ba, kuma wanda bai biya na farko ba, ba shi da na biyu. In babba ya zo, ana iya ce masa: "Kawu, ku yi haƙuri, ga sunanku nan tun kasuwar da ta wuce, in an cika wancan sai a buɗe wani." Magana mai ladabi ce, kuma takarda ce ta faɗa. In zuciya ba ta iya hanawa, gara ya ba da ɗan kaɗan kyauta daga riba, ya san sadaka ya yi, da ya ba da mai yawa bashi ya kwana yana jin haushin ɗan uwansa.

Wani abin da ke ƙara wa sabon mai sana'a nauyi shi ne kwaɗayin ido. Ya ga wane yana samu da fetur a kwalba, ya ce shi ma zai sa. Ya ga wance tana samu da ƙuli-ƙuli, ya ce matarsa ta fara. Jikka 20 ta rabu gida biyar, ko'ina ba ta isa ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Kaya iri 4 ko 5 da ake nema kullum, waɗanda ba sa lalacewa, sun fi tebur cike da kayan da ƙura za ta rufe. Waɗanda ke kusa da iyaka, kamar Ɗan Isa, Magarya ko Birnin Ƙonni, su ƙara kula da canjin naira da sefa, don ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin a yanka farashi, a mai da kuɗin saye zuwa sefa a rubuta.

Kuma kada mutum ya ɗauki abin shi kaɗai. Mata sun riga maza gane wannan. Adashe tsohon abu ne. Tun 1991 kuma aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, tare da ƙungiyar CARE: mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka a akwati, su ranta wa junansu, a biya da ɗan ƙari. Ban da kuɗin, akwai wani amfani. Mai sabuwar sana'a tana zaune da waɗanda suka riga ta, tana jin yadda suka yi da nasu masu bashi. Namiji ma ya nemi tsohon mai tebur na wani ƙauye, wanda ba su haɗa masu saye ba, ya tambaye shi inda ake samun kaya da rahusa. A gida kuma a raba aiki. Yaron da ke lakkal yana iya riƙe kaye da maraice, uwargida ta tsare tebur ranar da maigida ya tafi kasuwa.

Saura maganar damina, gara a yi ta tun yanzu. Da ruwa ya sauka, gona za ta kira mai ita, kuɗi kuma za su yi wuya a hannun mutane, masu neman bashi su ƙaru. Wanda ya ce zai riƙe noma da tebur duka yini, zai rasa duka biyun. Tun bazara ya fara rage kaya, ya karɓo bashin da ke waje, ya bar gishiri, sabulu da ashana kawai, a buɗe tebur da yamma in an dawo daga gona. Sauran uwar kuɗi ya sayi ƴar akuya da su, ko ya ajiye wurin wanda ya amince da shi, a rubuta a gaban shaidu 2, sai kaka.