Wa ke koya wa shugaban makarantar sana'a aikinsa?

1/ Jama'a, bari in amayar da abin da ya daɗe yana ci min rai. Kullum ana cewa matasa su koyi sana'a, to mun ji. Amma shi wanda aka damƙa wa makarantar sana'ar, wa ya koya masa riƙe ta?

2/ Kafin in shigo jami'a makarantar fasaha na yi, sashen walda. Akwai wani injin gyaran ƙarfe a ɗakin aikinmu, lulluɓe da tamfol tun ranar da na shiga har na gama. Ba mutuwa ya yi ba fa, bel ne kawai ya tsinke.

3/ Firinsifal ɗinmu mutumin kirki ne wallahi, ba zaginsa nake ba. Malamin tarihi ne da ya daɗe a aiki, layi ya zo kansa aka turo shi. Da kuɗi suka shigo sai ya yi wa katanga fenti, mu kuwa muna karɓa-karɓa da gilashin walda ɗaya. Wanda bai samu ba ya kwana ido na zubar ruwa.

4/ Alli da allo ba sa riƙe irin wannan makaranta. Wayar walda ƙarewa take, haka gas, katako da dizal ɗin janareto. Shugaban da bai san wannan lissafin ba gani zai yi malamin walda roƙo ne ya yi masa yawa.

5/ Muna da NBTE a Kaduna tun 1977, NABTEB na shirya jarabawa, TRCN na yi wa malamai rajista. Kwalejojin Bichi, Gusau, Gombe da Potiskum na yaye malaman fasaha. Malami da takardarsa, ɗalibi da jarabawarsa. Namu shugaban dai takardar canjin wurin aiki kawai ya zo da ita.

6/ A wasu jihohin Amurka, sai kana da satifiket na musamman kafin ka shugabanci makarantar sana'a. Mu ma ya kamata ya zama sharaɗi.

7/ Na san wani zai ce "wata takardar kuma? Ai taro za a yi a otal, a ci shinkafa, a raba alawus." Gaskiyarka, ni ma ina wannan tsoron. Shi ya sa nake cewa a yi horon a cikin ɗakin aiki. Ya tsara kasafin zango guda da hannunsa, ya san yaushe ake duba kowane inji, ya san me zai yi idan yaro ya ƙone.

8/ Sannan a tura shi wurare irin su Panteka ta Kaduna, ya zauna da iyayen gidan da za su karɓi ɗalibansa gobe, ya ji me suke nema a hannun yaro.

9/ Ƙanina zai shiga makarantar nan bana. Na tambayi wani malami, ya ce injin yana nan a cikin tamfol ɗinsa.