Shubuha Ce Ta Ceci Safiya

Duk mai zuwa kasuwar Illela daga Sakkwato sai ya ratsa Gwadabawa. A nan ne, cikin Oktoba 2001, Babbar Kotun Shari'a ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jefewa, don ta yi ciki ba aure. Namijin da ta ambata ya musanta, babu shaidu 4, ya kaɗe rigarsa ya tafi gida.

Har yau in zancen ya taso sai ka ji ana cewa surutun Turawa ne ya sa aka sake ta. Ni ban yarda ba. Surutu kam an sha shi. Amma ranar 25 ga Maris 2002, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta wanke ta, shari'ar ce da kanta ta buɗe mata ƙofa. Lokacin da aka ce abin ya faru dokar ba ta fara aiki a jihar ba, ba a kuwa hukunta mutum da dokar da ta zo bayan aikinsa. Ba a fayyace mata tuhumar ba. Lauyoyinta kuma suka kawo batun kwantaccen ciki, wanda a Malikiyya yana iya kai shekara 5 bayan saki, a jingina shi ga tsohon miji. Shubuha tana kawar da haddi, ɗalibin zaure ma ya sani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, jama'a, duk waɗannan hujjoji suna nan tun a Gwadabawa. Lauya ne Safiya ba ta da shi a ranar.