Takardar Shaida Ba Ta Wanke Hannu

A ƙarshen daminar bara na kai ziyara wurin wata 'yar'uwata, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti da ke yankin Kabo. Na tarar da ita bayan magariba zaune a kan tabarma, ta miƙa wa ɗanta mai shekara 14 wayarta, yana ta danne-danne. Da na tambaya, sai ta ce horo ne kan hana yaɗuwar cuta a asibiti, wanda wata ƙungiya mai tallafa musu ta wajabta wa kowane ma'aikaci ya kammala kafin Juma'a. Darasin da Turanci yake, bidiyon ba ya buɗewa sai an fita bakin titi inda sabis ke da ƙarfi, kuɗin data kuma daga aljihunta suka fito. Amsoshin jarrabawar ƙarshe kuwa tuni wani ya tura su zauren WhatsApp na ma'aikata. Cikin minti 20 yaron ya gama, takardar shaida ta fito ɗauke da sunan mahaifiyarsa. Washegari na raka ta wurin aiki. Babu sabulu a bakin randa, kwalin zubar da allura ya cika har ya yi tozo.

A can birni, a kan allon kwamfutar wani jami'i, sunanta ya shiga jerin waɗanda aka horar.

Hujjata a wannan rubutu guda ɗaya ce: manhajar horar da ma'aikata kan ƙa'idojin aiki tana da amfani ne gwargwadon yadda ta sauya abin da hannun ma'aikaci ke yi. Mafi yawan waɗanda ake kawo mana an gina su ne don su tanadar wa shugaba hujjar kare kansa ranar da abu ya ɓaci. Wanda ke biyan farashin wannan ganin ido shi ne majinyacin da ke kwance, da manomin da ya ajiye kuɗinsa a banki, da yaron da ke aji.

Irin wannan horo ƙaruwa zai yi, domin doka ce ke tura shi. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta sanya bayanan lafiyar mutum cikin jerin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma ba wa hukuma ko kamfani awa 72 ya sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ɗora wa bankuna horar da ma'aikatansu. Likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma ba sa sabunta lasisinsu sai sun nuna shaidar ƙarin horo. Duk waɗannan dokoki ne masu kyau. Sai dai kowace tana buƙatar shaida, shaida mafi sauƙin samarwa kuwa ita ce takarda.

Matsalar tana cikin ginin manhajojin tun daga tushe. Da yawansu suna bin wani ma'auni mai suna SCORM, wanda wani shiri na Ma'aikatar Tsaron Amurka ya fitar a shekarar 2000. Abin da aka fi amfani da shi wajen tattarawa shi ne: mutum ya buɗe darasi, minti nawa ya ɗauka, ya kai ƙarshe, maki nawa ya samu. Babu gurbin da ke tambayar ko ungozoma ta wanke hannu kafin ta karɓi haihuwa. Tun a 1959 masanin nan Donald Kirkpatrick ya raba auna horo hawa huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, yadda halayyarsu ta sauya a wurin aiki, da sakamakon da aka gani. Fiye da shekara 60 bayan nan, muna sayen kayan da ke tsayawa a hawa na biyu, muna kuma rubuta rahoto kamar mun kai na huɗu.

Wanda ke ganin na yi tsauri ya dubi labarin takardar duba ƙa'idojin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Tambayoyi 19 ne da ma'aikatan ɗakin tiyata ke karantawa a fili, su amsa wa juna. Da aka gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 zuwa kashi 0.8 cikin ɗari. Daga baya lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta irin wannan takarda a asibitocinsa. Binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani raguwar a-zo-a-gani ba, alhali rahotannin asibitocin sun nuna ana cike takardar a fiye da kashi 90 na ayyukan tiyata. Kayan aiki iri ɗaya, sakamako daban. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne, inda aka zauna da ma'aikata aka koya musu, aka kuma riƙa dubawa, takardar ta zama ɗabi'a. Inda aka aiko ta a matsayin umarni daga sama, ta zama wurin sa hannu. Idan haka ta faru a Kanada da wuta da ruwa da intanet, me muke tsammani a Getso ko Garo?

To, wace manhaja ce za ta amfani ma'aikaci a Gwarzo da Kabo?

Da farko, ta yi magana da harshen da yake aiki da shi. Mai shara da mai gadi da mai taya ungozoma su ne suka fi kusanci da jini da allura, su ne kuma aka fi mantawa da su idan darasin rubutu ne da Turanci. Muryar Hausa ta minti uku ta fi musu shafi 40.

Na biyu, ta yi aiki ba tare da sabis ba. A sauke darasi sau ɗaya, a yi shi a ko'ina, sakamakon ya tafi idan waya ta samu hanya. Kuɗin data a wuyan ma'aikata yake, watau hukumar da ta ɗauki mutum aiki, lokacin yin darasin kuma a yanke shi daga lokacin aiki. Wanda aka ce ya yi horo da dare, da kuɗinsa, bayan ya wuni a tsaye, an riga an gaya masa matsayin horon a idon shugabanni.

Na uku, ta zo kaɗan-kaɗan, tana dawowa. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, sai idan an maimaita shi bayan tazara. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba tare da ya ji sunan Ebbinghaus ba. Shi ya sa ake tilawa. Darasin awa uku sau ɗaya a shekara zuba ruwa ne a kwando. Tambaya biyu kowane mako ta fi shi nesa ba kusa ba.

Na huɗu, tambayoyin su fito daga ainihin wurin aikin. Maimakon "kawo ma'anar sirrin majinyaci", a ce: surukar wata mata ta zo tana neman sakamakon gwajin jininta, kuma matar mai unguwa ce, me za ka ce mata? Abokin aikinka ya ɗauki hoton rajistar marasa lafiya ya tura zauren WhatsApp don a yi saurin haɗa rahoto, me ya kamata a yi? Irin wannan tambaya ɗan shekara 14 ba zai iya amsa ta a madadin mahaifiyarsa ba, musamman idan manhajar tana sauya tambayoyin daga mutum zuwa mutum.

Shi kuma shugaba, abin da yake buƙata shi ne manhajar da za ta nuna masa inda ake kuskure. Idan rabin ma'aikatan wata mazaɓa sun kasa tambaya kan alamomin mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, wannan labari ne da ya kamata ya tayar da mai sa ido daga kujerarsa a makon. Kuma dole a bar wa ma'aikaci ƙofar mayar da magana: na san ƙa'idar, amma babu safar hannu. Manhajar da ba ta da wannan ƙofa tana juya gazawar hukuma ta koma laifin ƙaramin ma'aikaci. Ranar da aka samu matsala, za a zaro takardar shaidarsa a ce ai an horar da shi.

Mun taɓa ganin yadda bayanai ke aiki idan an yi niyya. A yaƙin da aka yi da shan inna, an riƙa ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, taswira ta fito da ƙauyuka da rugagen da aka tsallake, a sake tura mutane. A 2014 Kano ta ga ƙarshen wanda ya kamu da ƙwayar cutar ta asali, a watan Agustan 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Wayar ba ta ɗiga wa kowa magani a baki ba. Amfaninta shi ne akwai mutanen da ke duba taswirar da yamma su ɗauki mataki da safe.

Na san abin da za a ce: da babu gara ba daɗi. Akwai gaskiya a ciki. Tsohon tsarin taron bita, inda ma'aikaci zai rufe asibiti ya yi tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo zuwa Kano don ya zauna a otal ya karɓi kuɗin mota, shi ma ba abin kewa ba ne. Manhaja tana iya kai darasi ga mutum ɗari a rana ɗaya ba tare da an rufe ƙofa ko ɗaya ba. Amma horon bogi ya fi rashin horo haɗari ta fuska guda: shugaban da ya san ba a horar da mutanensa ba yana cikin fargaba, wanda allonsa ya nuna masa kashi ɗari kuwa barci yake yi.

Saboda haka, ga daraktocin ma'aikata da shugabannin sassan lafiya da manajojin rassan banki da ke karanta wannan: kafin ku sa hannu kan kwangilar wata manhaja, ku ɗauki dillalin ku kai shi ƙauye mafi nisa a ƙarƙashinku. Ku miƙa wayar ga mai shara. Idan ta buɗe, ya fahimta, ya kuma iya gaya muku abu ɗaya da zai daina yi gobe, ku ci gaba da ciniki. Sannan ku tambayi kanku wa zai je bayan wata uku ya duba ko an daina ɗin, kuma a wane layi na kasafin kuɗi aka rubuta sabulu.

'Yar'uwata tana da takardun shaida guda shida a wayarta. Da na kira ta makon jiya, ta ce sabulun da ke bakin randar yanzu ita ta saya.