Sarƙar Waya Da Maganar Gwal

Makon jiya a wani biki nan Agege, 'yar ƙanwata ta sanya sarƙar da ta haɗa da hannunta: jar wayar tsohuwar fanka da fasassun kwalabe da ta goge har suka yi santsi. Wata Hajiya ta kama sarƙar ta jujjuya, ta ce, "Ke 'yar nan, uwarki ba ta da gwal ne?" Aka kwashe da dariya. Yarinya ta cire ta cusa a jaka. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A ganina Hajiya ba kyau take dubawa ba, farashi take nema.

Turawa sun daɗe da wannan gardama. A 1967 Gijs Bakker, mutumin Holan, ya yi abin wuya da bututun hayaƙin murhu. Wanda ya fi burge ni shi ne Otto Künzli na Suwizalan. A 1980 ya yi awarwaro na baƙar roba, ya ɓoye ƙwallon gwal a ciki, ya sa masa suna da ke nufin gwal na makantar da mutum. Mai shi ta san akwai gwal a hannunta, amma 'yan biki roba kawai za su gani. To, a cikinmu wa zai yarda ya saya?

Kuma abin ba baƙo ba ne. Masagan Bida narka kwalabe suke su yi duwatsun wuya da awarwaro. Krobo na Gana kuwa daka kwalbar suke ta zama gari, su zuba a mazubi su gasa. Waɗannan muna saya muna yabawa. Sai 'yarmu ta yi, ya zama shara?

Na sani, gwal ba ado kaɗai ba ne. Mu da ke zaune a Kudu, nesa da gona da dangi, ɗan kunnen mace shi ne bankinta ranar da kuɗin haya ko na asibiti ya taso. Wayar fanka ba ta biyan haya, ban musa ba. Amma ajiya daban, ado daban, kuma ba wanda ya ce sai mace ta rataya ajiyarta a wuya kafin a gaishe ta da mutunci.

Ni dai na je har gida na sayi sarƙar, na kawo wa uwargida. Ta ce tana da kyau. Har yau ba ta fita da ita ba.