Diyyar bauta: an taɓa biya, amma wa aka ba?

Duk sadda aka tada zancen diyyar bautar da baƙar fata, sai ka ji wani ɗan boko ya ce abin da ya wuce ya wuce, wa zai biya, wa za a ba? Malamai da iyaye, kar mu bar wannan magana ta shiga kunnen ɗiyanmu ba amsa. Amsar tana cikin tarihi: an riga an biya diyya, kuma masu bayi ne suka karɓa.

Mu dubi Hayiti. A 1791 bayin da ke noma wa Faransawa rake suka yi bore, suka kori iyayen gijinsu, suka kafa ƙasarsu a 1804. A 1825 sarkin Faransa, Sharl na 10, ya aiko da jiragen yaƙi, ya ce ba zai yarda da ƴancinsu ba sai sun biya faran miliyan 150, wai asarar da masu gonaki suka yi. A 1838 aka rage kuɗin zuwa miliyan 90. Don su biya, sai da suka ci bashi daga bankunan Faransa ɗin nan. Wanda ya sha bulala shi ya biya mai bulala, har jikokinsa suka gaji bashin.

Da Faransa ta soke bauta a 1848, dokar 1849 masu bayi ta ba kuɗi. Ingila ma a 1833 fam miliyan 20 ta ware musu. Bawan da aka ƴanta ko dala bai gani ba. Ashe lissafin ba shi da wuya in mai ƙarfi ne ke bin bashi!

A 2001 Faransa ta yi dokar Tobira, ta amsa cewa cinikin bayi laifi ne ga ɗan Adam baki ɗaya. Madalla. To, a wace shari'a ɓarawo ke amsa sata ya kuma riƙe kayan? Shi ya sa Tarayyar Afirka ta sa diyya ta zama taken shekarar 2025.

Sai dai mai neman haƙƙi a waje ya fara share gidansa. A nan Nijar sai 2003 doka ta mai da bauta laifin da ake ɗauri a kansa. Hadijatu Mani, daga jihar Tawa, an sayar da ita tana da shekara 12. A 2008 kotun CEDEAO, zaune a Yamai, ta ce ƙasarmu ta kasa kare ta, ta umarci a ba ta sefa miliyan 10. Wannan karon diyya ta shiga hannun wadda aka zalunta. Amma har yau akwai gidajen da ke hana aure don an ce yaro ɗan bayi ne.

Don haka malami, in ka zo darasin cinikin bayi, kar ka tsaya ga jiragen ruwa da tsibirin Gore. Ka rubuta 1825 da 2008 a allo, ka tambayi ɗalibai wa aka biya a kowace. Iyaye kuma, ranar da yaro ya kira ɗan'uwansa bawa a gabanku, ku tsawata masa nan take. Bakin da ke zagin maƙwabci da asali ba shi da ƙarfin neman diyya a Paris.