Karatun Yaro A Gida: Me Doka Ta Ce?

Tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, yara suka koma ɗaukar darasi ta rediyo da intanet, waɗansu iyaye su ke tambaya ko doka ta yarda uba ya riƙe ɗansa a gida ya karantar da shi. Amsar ta dangana ga abin da kowace ƙasa ta wajabta, watau ilmi ne ko kuwa zuwa makaranta.

A Ingila ilmin aka wajabta. Dokar 1944 ta ɗora wa uba nauyin ya ga ɗansa ya sami ilmi isasshe, ko ta zuwa makaranta ko ta wata hanya dabam, ta 1996 kuma ta maimaita haka. Da waɗannan 'yan kalmomi karatun gida ya halatta.

Jamus kuwa zuwa makaranta ta wajabta tun 1919. A 2013 hukuma ta ɗauke 'ya'ya huɗu na wani magidanci kusa da Darmstadt har mako uku, don ya ƙi kai su. Ya kai ƙara Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, amma a 2019 ta yanke ba a zalunce shi ba. Hujjar Jamusawa ita ce, ban da lissafi da rubutu, a makaranta ne yaro ya ke koyon zama da wanda ba ɗan gidansu ba. Ni dai ban ga yadda kwamfuta za ta koyar da wannan ba. A Faransa, tun 2022 sai da izni, bisa dalili kamar rashin lafiya ko nisan makaranta.

Dokarmu ta Nijeriya ta 2004 ta fi kusa da ta Jamus, gama ta umurci iyaye su kai yaro firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. Wanda ya ƙi, da fari a tsawata masa, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ba ta yi wa karatun gida wani tanadi ba, balle makarantar intanet. Amma fa hukumar WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, wadda ke ba da takardar shaida ga wanda ba ya cikin wata makaranta.

A ganina ya kamata Majalisa ta fayyace al'amarin: a rubuta sunan kowane yaro mai karatu a gida, mai duba makarantu kuma ya riƙa gwada shi shekara shekara. In ba haka ba, da uban da ke karantarwa da gaske da wanda ya ɗora wa 'yarsa talla, amsa ɗaya za su ba hedimasta, wai tana karatu a gida.